Ƙwan Lantarki Biyu, Batir Ɗaya

Ranar da malamin ya gane bai san lantarki ba, takardar shaidar da ta ce ya sani tana cikin akwatinsa, ko naɗewa ba ta yi ba. Bai daɗe da kammala kwalejin horon malamai ba, aka tura shi koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, tafiyar 'yan mintoci a babur daga gidansu. Da albashinsa na farko da na biyu ya sayo ɗan farantin sola, da batir mai bolt 12, da ƙwan lantarki uku irin na mota, da niyyar raba mahaifiyarsa da fitilar kananzir. Ya rataya ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakinta, ɗaya a rumfar girki. Ya ja waya daga batir zuwa na farko, daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, sannan ya komo da ita batir. Bayan sallar magariba yaran unguwa suka cika tsakar gida, ya danna makunni.

Abin da ya bayyana bai fi garwashin da ya kusa mutuwa ba. Zaren cikin kowane ƙwai ya yi ja-ja, ko tafin hannu ba ya haskawa. Da wani yaro ya murɗe na zaure don ya duba, sai sauran biyun ma suka mutu. Mahaifiyar ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta kunno fitilarta. Wannan shirun ya fi masa dariyar yaran ciwo.

Washegari ya ɗauko wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Dattijon ya bi wayar da ido tun daga zaure har rumfa, ya yi murmushi.

"Malam, ai ka ɗaure su da igiya ɗaya ne kamar raƙuman fatake. In na gaba ya durƙusa, ina na baya za shi?"

"To, Baba, yaya kuke ganin za a yi?"

"Ba kowa hanyarsa."

Ya ja wayoyi biyu dogaye daga batir, suka ratsa gidan kafaɗa da kafaɗa, ya rataya kowane ƙwai a tsakaninsu da nasa makunnin. Kafin la'asar aiki ya ƙare. A daren nan har allura ana iya zarewa a ɗakin tsohuwar.

Abin da ya fi damun malamin shi ne, da a takarda aka tambaye shi, da ya ci. Ya haddace cewa haɗi iri biyu ne. A haɗin jeri, wanda masu gyara ke kira siris, hanya ɗaya tal lantarki ke bi, ya ratsa kowane kaya bi da bi. A haɗin rassa, wato faralel, hanyar kan rabu, kowane kaya ya sami nasa reshen. Ya zana su a allo, ya lissafa su a jarrabawa. Amma da waya ta zo hannunsa, sai hannun ya bi abin da ya saba da shi tun yana yaro, ya jera su kamar yadda ake jera kunya a gona. Kuma ga shi kullum yana tsaye gaban yara sama da sittin yana ba su irin haddar da ta kunyata shi.

Tun daga shekarar ya canja yadda yake koyar da wannan babi. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, don haka kayan aikinsa suna cikin wata tsohuwar jakar buhu: batiran tocila masu bolt 1.5, guntayen waya da ya roƙo wajen masu gyara, robar da aka yanko daga tsohon tub na keke don ɗaure batir, da ƙananan ƙwayayen tocila masu zare. Waɗannan na ƙarshe sun fi komai wuyar samu yanzu, domin tocilolin zamani duk sun koma LED. Shi kuwa LED ba ya yi wa wannan darasi daɗi. Fari daga cikinsu yana bukatar kusan bolt 3 kafin ya kama, kuma in an juya ƙafafunsa ba ya kamawa sam. In aka jera biyu a kan batir biyu, duhu kawai yaro zai gani, bai san dalili ba. Ƙwai mai zare kuwa yana dusashewa a hankali, hasken nasa da kansa ma'auni ne. Saboda haka duk lokacin da malamin ya shiga birni yakan leƙa Sabon Gari ya tattaro abin da ya samu.

A rana ta farko ba ya rubuta komai a allo. Yakan raba yaran rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni batir ɗaya, da ƙwai ɗaya, da waya ɗaya, ya ce su kunna. Mafi yawansu sukan ɗora waya a kan batir, su taɓa gindin ƙwan da ɗaya bakin, su jira. A tunaninsu batir randa ce, waya kuma tiyo. Sai a shafe minti goma ana jayayya da zargin cewa batirin malam ya mutu, kafin wani rukuni, sau da yawa bisa kuskure, ya haɗa hanyar ta zagayo daga kan batir, ta ratsa zaren ƙwan, ta komo gindin batir. Ihun da suke yi a lokacin har ofishin shugaban makaranta ake jinsa. Sai bayan nan yake rubuta kalmar da'ira, domin yanzu akwai abin da kalmar za ta zauna a kai.

Rana ta biyu ita ce zuciyar aikin. Yakan jera ƙwai biyu iri ɗaya a kan batir biyu, amma ya bar bakin waya ɗaya a sake. Sai ya ce kowa ya rubuta a littafinsa, kafin a haɗa, wanne zai fi haske: na kusa da kan batir, ko na bayansa, ko kuwa daidai za su yi. Ba ya yarda a ɗaga hannu sai kowa ya rubuta, domin ya san in ɗan gaban aji ya yi magana sauran za su bi shi. Shekara da shekaru amsar ba ta canjawa. Mafi rinjaye sukan ce na farko zai fi haske, domin shi zai fara sha, na biyu ya sami saura.

Da farko wannan amsa takan ba shi haushi. Daga baya ya gane cewa babu amsar da ta fi ta hankali a wurin yaron da ya tashi a wannan ƙasa. Karkarar da ta kewaye Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin yadda mutane masu yawa haka suke rayuwa a kan ƙasa kaɗan ba tare da ta mutu ba. Daga gefen gari zuwa gefen gari babu daji, gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, taki kuma ana auna shi da mangala. Yaro ya ga gonar kakansa an raba ta gida shida. Ya je noman rani a ƙasan madatsar Tomas, ya ga mai fili a bakin magudana yana shan ruwa ya ƙoshi, na can ƙarshe yana jiran abin da ya rage. Duk abin da ya sani a duniya, in ya bi ta hannun wani, raguwa yake yi. Me zai sa lantarki ya fita daban?

Ba yaran karkarar Kano kaɗai ke da wannan tunani ba. A farkon shekarun 1980 Roger Osborne da abokan aikinsa a Jami'ar Waikato ta ƙasar Niyu Zilan sun yi ta tambayar yara irin waɗannan tambayoyi, suka tarar da yawa suna ganin waya ɗaya ta isa, wasu suna ganin lantarki biyu ne ke fitowa daga bakunan batir su yi karo a cikin ƙwan, wasu kuma suna ganin ƙwan yana cinye wani kaso ya mayar da saura. Abin da binciken ya nuna, wanda malamin ya riga ya ɗanɗana a tsakar gidansu, shi ne irin wannan fahimta ba ta gushewa don an faɗa wa mutum gaskiya. Takan koma gefe ta yi shiru, a ci jarrabawa, sannan ta fito ranar aiki.

Shi ya sa sai an rubuta sannan yake haɗa wayar. Ƙwan biyu sukan kama da haske iri ɗaya, dukansu a dusashe. Nan take wani zai ce na biyun dama ya fi ƙarfi. Sai malamin ya ce ya zo da kansa ya musanya musu wuri. Babu abin da ya canja. Ya juya batiran. Babu abin da ya canja. Ya murɗe na biyu, na farko ya mutu, alhali a lissafin magudana babu ruwan mai bakin ruwa da abin da ya sami na ƙarshe. A nan ajin kan yi tsit, irin shirun mutumin da ya taka matakalar da ba ta nan.

A wata shekara, cikin wannan shirun, wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ce, kuma sau da yawa takan makara saboda aikin gida.

"Malam, in duk abin da ya fita daga batir yana komawa bai ragu ba, me ya sa batir yake ƙarewa?"

Ya san amsar littafi: kwarara daban, makamashi daban. Amma ya san in ya faɗi haka ya koma gidan jiya. Sai ya ce su tafi da tambayar gida, shi ma zai tafi da ita. Washegari yarinyar ce ta kawo amsar, cikin jin kunya, kamar mai tsoron a yi mata dariya. Ta ce da ta kai niƙa da yamma ta tsaya tana kallon bel ɗin injin. Yana fita daga inji, ya juya maniƙa, ya komo, bai ragu ko taƙi ɗaya ba. Amma man injin yana ƙarewa.

Malamin ya ajiye alli. A duk littattafan da ya karanta bai ci karo da misalin da ya fi wannan dacewa da yaransa ba. Bel ɗin shi ne ƙwayoyin lantarkin da dama can suna cike da wayar, batir bai ƙirƙire su ba, tura su kawai yake yi. Man shi ne sinadarin cikin batir, wanda ke ƙarewa. Garin da ke zubowa shi ne haske da zafi. Misalin ya kuma warware abubuwa biyu da suka daɗe suna ba shi wuya. Na farko, me ya sa ƙwai ke kamawa nan take ko da wayar doguwa ce: ai bel gaba ɗayansa yake motsawa lokaci guda, ba ya jiran wani yanki ya iso. Na biyu, me ya sa ƙwai na biyu ke rage hasken na farko: in aka ɗora wa bel ɗaya maniƙa biyu, gudunsa zai ragu a ko'ina, babu na gaba babu na baya. In kuma ya tsinke a wuri ɗaya, komai ya tsaya.

Sai dai kowane misali yana da iyakar gonarsa. Bel ba ya rabuwa biyu, don haka ba ya bayyana haɗin rassa. A nan malamin yakan komo da magudanar da ya kora jiya, amma mararrabarta kawai yake ɗauka: ruwan da ya iso mararraba daidai yake da jimillar wanda ya bi rassan, ba ƙari ba ragi. Wannan ita ce ƙa'idar da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya bayyana a 1845, yana ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Yakan gaya wa yaran a fili cewa ya ari bel don abu kaza, ya ari ruwa don abu kaza, kuma lantarki ba bel ba ne, ba ruwa ba ne. Ya lura yara ba sa ruɗewa da wannan. Sun saba da karin magana, sun san ba a bin ta har ƙarshe.

Sai a rana ta uku lissafi yake shigowa, kuma a lokacin yaran da kansu suke nemansa. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce kwarara ita ce ƙarfin turi a raba da turjiya. A ɗauki batir mai bolt 12 da kaya mai turjiyar om 6, kwarara za ta zama amfiya 2, ƙarfin aiki kuma wat 24. In aka jera irinsa biyu, turjiya ta zama 12, kwarara ta sauko amfiya 1, kowanne ya sami bolt 6, wato wat 6 kacal. Rubu'in abin da yake samu shi kaɗai ke nan, ba rabi ba. Zaren ƙwai na gaske turjiyarsa tana canjawa da zafi, don haka alƙaluman ba sa fita cif, amma hanyar ita ce wannan. A nan yakan ba su labarin ƙwai ukun gidansu, da bolt huɗu-huɗun da suka samu, da fitilar kananzir. Sukan yi dariya sosai, shi ma yakan taya su. In kuwa aka haɗa biyun a rassa, kowanne zai sami bolt 12 cikakke da amfiya 2 nasa, batir ya fitar da amfiya 4.

Da sun ga hasken haɗin rassa, sai yaran su yanke hukunci cewa shi ne mai kyau, jeri kuma aikin banza. Malamin yakan bar rukuni biyu su ajiye nasu a kunne a kan taga, ɗaya jeri ɗaya rassa, a ga wanda batirinsa zai riga mutuwa. Hasken nan ba kyauta ba ne, daga batir ake biyansa. Sannan ya sa su buɗe tocila su ga batiran a jere, kan wannan a gindin wancan, 1.5 da 1.5 sun zama 3. Haka Alessandro Volta ya yi a 1800 da ya jibga faya-fayan ƙarfe iri biyu bisa juna. Makunni ma a jeri yake da abin da yake kunnawa, haka fis, wanda amfaninsa gaba ɗaya shi ne ya tsinke ya kashe na bayansa kafin waya ta kama wuta. Fitilun titi na farko masu tartsatsi a biranen Amurka a jeri aka haɗa su. Da Thomas Edison ya buɗe tashar lantarkinsa a titin Pearl na birnin New York a 1882, sai ya rarraba wa gidaje a rassa, don kowa ya kashe nasa ba tare da ya jefa maƙwabci cikin duhu ba. Abin da dattijon bakin kasuwa ya yi ke nan a gidan tsohuwa.

Dalilin da ya sa malamin yake ba wannan babi sati guda, alhali manhaja ba ta ba shi haka ba, yana bisa rufin gidajen garin. A ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba, da waɗanda suka kai amma wutar ba ta zama, sola ta riga ta shiga: a masallaci, a shagon cajin waya, a wurin mai firjin ƙanƙara, a bakin rijiyar burtsatse. Waɗanda ke haɗa ta galibi samari ne da suka koya da ido. Batir biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 100 in aka jera su sun zama bolt 24 da amfiya-awa 100, in aka yi musu rassa sun zama bolt 12 da amfiya-awa 200. Makamashin ɗaya ne, amma inbatar da aka yi don ɗaya ba ta karɓar ɗayan, kuma kuskure a nan kuɗin buhunan gero ne. Wanda ya haɗa tsohon batir da sabo a jeri zai ga tsohon ya ja sabon ƙasa. Wanda ya jera farantai ya bar inuwar gawo ko darbejiya tana faɗa wa ɗaya zai yi asarar da ta fi ta faranti ɗaya, domin bel ɗaya ne ya ratsa su duka. Gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da ake bukatar famfon ban ruwa. Yaron da ya riƙe wannan a hannunsa yana da abin da zai kai gida tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito.

Akwai gargaɗin da ba ya ƙare darasin sai ya maimaita shi sau uku. Wasan nan na batirin tocila ne kaɗai. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa, kuma jikin mutum in ya taɓa waya yana tsaye a ƙasa ya zama reshe. Batirin mota ko na sola, ko da yake bolt ɗinsa kaɗan ne, in ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu zai iya narkar da waya ya ƙona hannu. Yakan tambaye su me ya sa tsuntsu ke zama a kan wayar turke lafiya, ya bar su su gano cewa ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, babu abin da zai tura lantarki ya ratsa shi.

Hanyar tana da tsadarta. Sati guda a babi ɗaya yana nufin wani babin zai tafi a gurguje. Jarrabawa da Turanci take zuwa, don haka a rana ta ƙarshe dole ya ɗora kalmomin Turanci da alamomin zane a kan abin da aka gina da Hausa, kuma ba kowa ke tsallake wannan gadar ba. Batiran daga aljihunsa suke fita. Cikin yara sittin, ƙalilan ne za su kai makarantun kimiyya irin ta Dawakin Tofa, wadda jihar ta buɗe tun 1977. Wasu za su koma gona, wasu kasuwa, da yawa daga 'yan matan za a yi musu aure kafin su gama babbar sakandare. Yarinyar injin niƙa ma ba ta wuce aji uku ba.

Bayan wasu shekaru, ranar wata kasuwar Dambatta, wani saurayi ya tare shi a rumfar masu kayan sola, ya durƙusa ya gaishe shi. Ƙanen yarinyar ne. Ya ce da mijinta ya sayo batir na biyu don shagonsa, mai haɗawa ya zo zai jera shi da tsohon, ita ce ta aiko daga cikin gida a tambaye shi bolt nawa aka rubuta a jikin inbatar. Aka duba, 12 ne. Mai haɗawar ya tsaya ya sake lissafi.

Malamin ya tambayi lafiyarta da ta yaranta, ya ce a gaishe ta. Sannan ya juya ga mai rumfar ya tambaye shi ko har yanzu ana samun ƙwan tocila mai zare, domin zango na gaba ya kusa, kuma guda bakwai kawai suka rage a jakar.